Littattafan da Ke Sa Dariya da Faɗuwar Gaba

Hausawa suna da wata karin magana da suke cewa, abin dariya, yaro ya tsinci haƙori. Wanda ya ji ta farat ɗaya zai yi murmushi ya wuce, amma wanda ya tsaya ya auna ta zai ga akwai wani abu kwance a ƙarƙashinta. Haƙorin nan da yaro ya tsinta yana murna, ai daga bakin wani ya fito, ba a kuwa san ko mai shi yana raye ba. Watau ga dariya a sama, ga abin da ke sa tsikar jiki ta tashi a ƙasa, duka a cikin magana guda.

Akwai wani irin littattafan hira da aka gina bisa wannan hali. Mai karatu zai fara su yana ƙyaƙyatawa, kafin ya kai tsakiya sai ya ji dariyar ta soma yi masa ɗaci, in ya kai ƙarshe kuwa sai barci ya yi masa wuya. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya iya haɗa baƙi, ya fara neman abin karantawa bayan wasiƙar dangi da takardar asibiti, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da irinsu. Ya kamata ya san halinsu tun da wuri, don kada ya jefar da littafi mai amfani yana cewa shirme ne, kada kuma ya sha dariya ya rufe bai ɗauki kome ba.

Da farko dai sai a san tsoro iri biyu ne. Akwai tsoron abin da ke waje, kamar kura, ko gobara, ko ɗan fashi. Wannan yana da magani, don ana iya gudu, ana iya kulle ƙofa, ana iya kiran maƙwabta. Akwai kuma tsoron da ke tasowa daga cikin zuciya, sa'ad da mutum ya fara shakkar idonsa da kunnensa, ko ya ga kowa ya juya masa baya bai san dalili ba, ko laifin da ya ɓoye ya hana shi sakat. Wannan ba shi da wurin gudu, gama zuciyar mutum birninsa, duk inda ya sa ƙafa yana tare da ita. Tsoro na biyun nan shi ne littattafan da ake magana a kansu ke gauraya da ban dariya.

A Bakin Iyakar Jibiya

Wanda ke son ya ga yadda dariya da faɗuwar gaba ke zama a mota ɗaya, ba sai ya je nesa ba. Daga birnin Katsina in an yi yamma kilomita 40 da ɗoriya za a isa Jibiya. Kafin a shiga garin akwai Magama, inda hanya ta rabu ta yi arewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mutanen ɓangarorin nan biyu jini ɗaya ne. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Ingilishi da Faransawa ne suka shata iyakar da yarjejeniyoyin da suka yi a 1898 da 1904 da 1906. Ruwan da ya bi ta Jibiya ma bai kula da ita ba, yakan shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima.

To, a dubi matafiyi a cikin mota an doshi shinge. Takardunsa cikakku ne, ba ya ɗauke da kome sai tsarabar goro da turmin atamfa na bikin 'yar ƙanensa. Duk da haka, da direba ya taka birki, ma'aikaci ya leƙo ta taga, sai ya ji gabansa ya faɗi, ya shiga lalube aljihu, ya fara tunanin ko akwai wani laifi da ya yi bai sani ba. Ba wanda ya zarge shi, shi ne ya zargi kansa. A daidai wannan lokaci kuma ba a rasa wani mai barkwanci a kujerar baya, wanda zai jefa wata magana a kan akuyar da aka ɗaure bisa kaya, wai ita ce kaɗai ba a tambayi fasfonta ba, mota duka ta kwashe da dariya. Dariyar ta fi maganar girma, kowa ma ya sani. Fargaba ce ta sami ƙofar fita.

An ga wannan hali ƙwarai a shekarun da aka rufe iyakar. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. Direbobi da 'yan dako da 'yan canji da masu sayar da abinci a bakin hanya suka wayi gari ba abin yi, ga garin dangi ana hange ba damar zuwa ta hanyar da aka saba. Mutanen da suka zauna a inuwa suna jiran ranar da ba wanda ya san ta, ba su daina raha ba, amma raharsu irin wadda ake cewa yaƙe ce, haƙora a waje, ciki na ƙuna. Marubucin irin littattafan nan, wannan yaƙen yake ƙoƙarin kamawa ya sa a takarda.

Tun Daga Tatsuniya

Kada a ɗauka wannan abu baƙo ne da ya zo da boko. Tsohuwa mai tatsuniya ta san shi tun kafin a kawo injin ɗab'i. Yara suna dariyar Gizo da tsamin bakinsa da haɗamarsa, amma in an duba, yawancin dabarunsa a bakin mutuwa yake yinsu, ko dai a gidan kura, ko a gaban Dodo. Akwai kuma tatsuniyar budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba ko ɗaya a jikinsa. Ta kori samarin gari duka, sai ga wani baƙo sumul kamar shi ya yi kansa, ta bi shi. Suna shiga daji ya soma mayar da kayan aro, har ya koma siffarsa ta ainihi. Yara kan yi dariyar girman kanta, amma 'yan mata kan yi tsit, don abin da tatsuniyar ke taɓawa shi ne tsoron da kowace amarya ke tafiya da shi, watau ba ta san ko wane ne ta aura ba sai an rufe ƙofa.

Haka kuma a dandali. Gardi mai wasa da kura yana zolayar jama'a, ana dariya, amma idon kowa na kan takunkumi. A ƙasar Maraɗi, inda bori ya daɗe da kafuwa, masu kallo sun san halin kowane iska da ake cewa ya hau mutum: Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai caca da almubazzaranci, Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi. Kwaikwayon yana ba da dariya, amma wanda ke tsakiyar fili ya fita hayyacinsa, ba ya sanin uwarsa in ta kira shi. Wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, ya fitar da wani fim a 1955 a kan 'yan ci-rani mutanen Nijar a Ankara ta ƙasar Gana, masu wani irin bori da ake kira Hauka, inda suke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa, kumfa na zuba a bakinsu. Waɗanda suka kalla suka rasa abin da za su yi, dariya ko kau da kai.

Alhaji Imam da Malam Zurƙe

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani saurayi, malami a Makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911. Littafinsa Ruwan Bagaja ya fito a 1934, har yau kuwa da wuya a sami littafin Hausa da ya fi shi sa mutane dariya. Labarin Alhaji Imam ne da ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta gamuwa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna rama wa juna mugunta gari gari.

Kowa ya san karonsu na farko. Alhaji ya sauka wani gari ya mai da kansa babban malami, alhali kuwa ba shi da karatun kirki. Malam Zurƙe, wanda ya san littattafai, ya zo, aka tara jama'a don a gwada su. Alhaji ya duƙa ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa, ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffan Larabci da suka yi kama da zanen, Alhaji na cewa bai gane ba. Daga ƙarshe Alhaji ya ce siffar jinjirin wata ce. Jama'a suka duba suka ga lalle haka wata yake tsayuwa, suka yi wa Zurƙe eho, aka kore shi a kan shi ne jahili.

An shekara da shekaru ana karanta wannan wuri ana riƙe ciki. Amma mai karatu ya gwada tsayawa inda Zurƙe ya tsaya. Ga mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban malamai, ya ba da amsar da ilmi ya yarda da ita, ya ɗaga kai ya ga gari guda, babba da yaro, sun haɗa baki a kan shi ne bai san kome ba. Ba wanda zai kai wa ƙara, gama masu hukuncin su ne masu dariyar. In irin wannan ta faru ga mutum sau biyu, sau uku, zai fara tambayar kansa ko dai shi ne hankalinsa ya taɓu. Akwai kuma abin da ya shafi ɗan ajin yaƙi da jahilci musamman a cikin labarin. Mutanen garin nan ba miyagu ba ne. Sun san wata, ba su san harafi ba, don haka mayaudari ya ari bakinsu ya ci musu albasa, suka kori malamin gaske da hannunsu, suka riƙe na ƙarya suna ba shi sadaka.

A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Imam ya sake yin wata dabara irin wannan. A littafi na ɗaya aku ne ke ba ɗan sarki Musa labaru masu ban dariya dare bayan dare. Dalilin labarun kuwa shi ne a hana yaron fita daga gida, don Waziri ya shirya masu hallaka shi a waje. Kowane labari jinkirta ajali ne zuwa wayewar gari, kamar yadda Shaharzad ta yi ta yi a Dare Dubu da Ɗaya. Mai karatu yana dariyar wawaye da ɓarayin da ke cikin labarun, amma ya san abin da Musa bai sani ba.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a zamani ɗaya da Ruwan Bagaja, ya bi ɗaya hanyar. Mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, Abubakar ya bar gida da sana'a ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har uban ya hallaka a hannunsa bai san shi ba ne. A nan ba dodo, ƙiyayya ce ta ci mai ita ta ci na kusa da shi, sai dai raha ta yi ƙaranci a littafin. Daga baya, a 1982, mutanen Katsina biyu suka fitar da littattafai masu duba cikin zuciyar mugu: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a kan Mailoma da ta'asarsa. Ashe ke nan kayan haɗin duka suna nan cikin rubutun Hausa, da dariyar da razanar.

Marubutan Wasu Wurare

A ƙasar Yarabawa, Amos Tutuola mutumin Abeokuta ya rubuta The Palm-Wine Drinkard da Ingilishi, aka buga a Landan a 1952. Labarin wani ne da ba ya aikin kome sai shan bammi, mai haƙo masa bammin ya faɗo daga itace ya mutu, shi kuwa ya tashi takanas zuwa garin matattu don ya komo da shi bakin aiki. Dalilin tafiyar abin dariya ne, abin da ya gani a hanya kuwa na firgita. A ciki har akwai 'yar'uwar tatsuniyar nan ta mai ƙin tabo: wani kyakkyawan mutum a kasuwa da budurwa ta bi, ya yi ta mayar da hannu da ƙafa da fata ga masu su yana biyan kuɗin haya, har ya saura ƙoƙon kai kaɗai yana tsalle.

A Rasha an yi wani marubuci, Nikolai Gogol. A 1836 ya fitar da labarin wani ma'aikacin gwamnati mai son girma da ya farka da safe ya tarar hancinsa ba ya nan. Ya fita nema, ya gamu da hancin sanye da kayan sarauta, yana yawo a keken doki, muƙaminsa ma ya fi na mai shi, har mai hancin ya rasa yadda zai yi masa magana don kwarjini. Ya je gidan jarida ya sa cigiya, aka ƙi karɓa don kada jaridar ta zubar da mutuncinta. A 1842 kuma ya fitar da babban littafinsa mai suna Matattun Rayuka. A Rasha ta wancan zamani masu gonaki suna biyan haraji bisa yawan bayinsu, wanda ya mutu kuwa sunansa na nan a littafin gwamnati sai an sake ƙidaya. Sai wani mayaudari ya shiga ƙauyuka yana sayen sunayen matattun nan da araha don ya jinginar da su ya karɓi bashi. Cinikin yana da ban dariya, har akwai wata tsohuwa da ke jan farashi don tana tsoron kada matattu su yi tsada a birni a cuce ta. Amma sannu a hankali mai karatu zai lura, masu cinikin ne zukatansu suka mutu. A 1852 Gogol ya ƙone kashi na biyu na littafin, bayan 'yan kwanaki ya rasu.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Franz Kafka, mutumin birnin Prague, wanda aka haifa a 1883 ya rasu a 1924. Ma'aikacin ofishin inshora ne, ya san takardu da layin jira. Littafinsa da ake kira Shari'a ya fito a 1925, bayan rasuwarsa, don abokinsa Max Brod ya ƙi ƙone rubuce-rubucensa kamar yadda ya bar wasiyya. Wani ma'aikacin banki ne aka zo aka ce an kama shi ran da ya cika shekara 30. Masu kamun suka zauna suka cinye abincin karin kumallonsa, suka ce su ma ba su san laifin ba, kuma yana iya tafiya wurin aikinsa. Kotun tana can saman wani gidan haya na talakawa, cikin zafi da shanyar tufafi. Ya shekara yana bin lauya da masu hanya, ba wanda ya faɗa masa abin da ya yi, amma kullum yana ƙara jin kamar mai laifi, har ran da mutum biyu suka zo tafiya da shi don su kashe shi, ya bi su ba gardama. Brod ya ba da labari cewa sa'ad da Kafka ya karanta wa abokansa babin farko, dariya ta ci ƙarfinsa har ya riƙa tsayawa.

A cikin littafin akwai wani ɗan misali da duk wanda ya taɓa kwana a bakin iyaka zai gane. Wani baƙauye ya zo ƙofar shari'a, mai gadi ya ce ba yanzu ba. Ƙofar a buɗe take, amma ya zaɓi ya jira izini. Aka ba shi kujera ya zauna, kwanaki suka zama shekaru. Ya ba mai gadi duk abin da ya zo da shi, mai gadi na karɓa yana nuna masa cewa don ya kwantar masa da rai ne kawai. Ya tsufa har ya san ƙuman da ke cikin rigar mai gadi, ya riƙa roƙonsu su sa baki. Da ajalinsa ya zo ya tambaya me ya sa bai taɓa ganin wani ya zo wannan ƙofa ba, aka gaya masa ai dominsa kaɗai aka yi ta, yanzu kuma za a rufe. Roƙon ƙuma abin dariya ne, amma ba mai iya dariyar ya ƙarasa ta.

Irin wannan rubutu bai ƙare ba. A 2018 wata 'yar Nijeriya, Oyinkan Braithwaite, ta fitar da My Sister, the Serial Killer. Wata ma'aikaciyar jinya ce a Legas, mai tsabta da tsari, ƙanwarta kyakkyawa kuwa ta saba kashe samarinta, sa'an nan ta kira yayar ta zo da sabulu da safar hannu a goge jini. Yayar tana faɗa mata kamar wadda ta bar kwanuka ba wanki. Raha tana cikin wannan sakaci, razana kuwa tana cikin abin da ya haɗa su tun suna yara a hannun uba mai duka, da tambayar da littafin ya bari, watau ina iyakar rufa wa ɗan'uwa asiri.

Amfanin Dariyar

Mai tambaya zai ce, in marubuci yana son ya tsoratar, me ya kai shi ga ban dariya? Dalili na farko, dariya tana sa mutum ya saki jiki. Wanda aka ce masa ga labarin tsoro zai ɗaure fuska ya shirya, amma wanda ke dariya ya buɗe ƙofa, maganar sai ta shige har ƙurya. Na biyu, dariya tana mai da mai karatu abokin tarayya. Wanda ya yi wa Zurƙe dariya ya riga ya shiga cikin taron masu eho, in ya farga daga baya, kunyar tasa ce, ba ta mutanen littafi ba. Na uku, raha ita ce hanyar da maras ƙarfi ke faɗin abin da ba ya faɗuwa. Wawan sarki da 'yan kama da yara masu tashe da azumi duk sun san wannan, sukan faɗi gaskiya mai zafi a fita lafiya don an ce wasa ne.

Wani dattijo kuma zai ce, mutanen da ke kwana da ido ɗaya don 'yan bindiga, kamar yadda ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana suka sha fama a 2019 da shekarun da suka biyo baya, ba su bukatar tsoron takarda. Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa za a tilasta wa mai sabon rauni ya karanta abin da zai fama masa ba. Sai dai a tuna, tsoron da ba a ba shi suna ba ya fi cin rai. Mutumin da ya tsira daga hannun miyagu yakan komo gida jikinsa lafiya, amma ya riƙa zabura in an buga ƙofa, ya ƙi barci, ya yi dariya inda ba abin dariya. In shi da danginsa sun taɓa gamuwa da irin wannan hali a littafi, za su san ciwo ne da ke samun 'yan Adam, su nemi magani maimakon su ɓoye shi a ɗaki.

Nan ne maganar ta zo kan mahaukacin kasuwa. Babu garin da ba a san shi ba, da tsummokinsa da gwangwanayensa, yara na binsa da jifa, manya na tsokanarsa don su ji abin da zai ce. Shi ne littafin nan a raye: daga waje abin dariya, daga ciki kuwa Allah kaɗai ya san abin da yake gani da abin da yake ji. A 1954 wani likita, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani danginsu, suna zuwa asibiti da rana, aka ga suna samun sauƙi in an riƙe su kamar mutane. Duk da haka, a watannin Satumba da Oktoba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wasu gidaje a Kaduna da Daura da Katsina, da yawansu da mari a ƙafa, waɗanda danginsu ne suka kai su don gyaran hali ko neman magani. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka tana iya kwance mari, amma ba ta iya hana yaro ɗaukar dutse. Wannan aikin uba ne da uwa, uban da ya taɓa shiga zuciyar wanda ake wa dariya kuwa, ko da a takarda ne, shi zai fi saurin riƙe hannun ɗansa.

Saboda haka wanda irin littafin nan ya faɗo hannunsa, ya karanta shi sau biyu. Karon farko ya sha dariyarsa, ba laifi, don ita aka sa. Karo na biyu ya bi a hankali, duk inda ya yi dariya ya tsaya ya tambayi kansa, wa ake yi wa, shi kuma wanda ake yi wa me yake ji. In a zaure ake karantawa ana saurare, mai karantawa ya ajiye littafin ya jefa wa jama'a tambayar, zai ga hira ta yi tsawo fiye da babin. Wanda kuma Allah ya ba hikimar zance, ya ga ya iya riƙe alkalami, kada ya ce sai mutanen Rasha ko na Legas. Abubakar Imam yana da shekara 22 ya shiga gasar Zariya, abin da ya rubuta kuwa daga hirar zaure da littattafan da ya karanta ya tattaro shi. Tsakanin tashar Katsina da kasuwar Maraɗi akwai labarun da ba a rubuta ba tukuna, masu su na nan suna ba da su kyauta ga duk wanda ya zauna ya kasa kunne.